Illar Cin Zarafin Yara ga Ƙwaƙwalwa Bayan An Girma

A kusan kowane ajin yaƙi da jahilci akan sami irin wannan ɗalibi. Wataƙila manomi ne a bakin Komadugu, wanda ke lissafin buhunan tattasai 40 da ka, ya juya kuɗinsu daga naira zuwa sefa ba kuskure. Ko kuwa mace ce mai sayar da bandar kifi a kasuwar Diffa, wadda ta riƙe bashin kowane abokin cinikinta ba tare da ta rubuta ba. Amma da zarar malami ya kira sunan irin wannan ɗalibi ya miƙa masa alli, sai gabansa ya faɗi, hannunsa ya ɗauki rawa, baƙin da ya iya jiya ya ɓace masa. In ya koma mazauninsa sai ya ce, "Malam, ni kaina ba ya ɗaukar karatu. Tun ina yaro aka faɗa mini."

Idan aka zauna da irin waɗannan ɗalibai aka yi hira a natse, da yawansu sukan kawo labari mai kama da juna: bulala a makaranta, mari a gida, zagi safe da yamma, ko wani abin da ya fi waɗannan muni wanda ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Wannan bayani zai nuna yadda wahalar da aka gwada wa yaro take bin ƙwaƙwalwarsa har girma, da abin da babba zai yi ya taimaki kansa, da yadda za mu kare ƴaƴanmu.

Mene ne cin zarafin yaro?

Masana lafiya sun kasa cin zarafin yaro gida huɗu:

1. Cutar da jiki: duka mai tsanani, mari, ƙuna, ɗauri, girgiza jariri, ko hana abinci da sunan horo.
2. Cutar da zuciya: zagi, tsinuwa, gori, tsoratarwa, da wulaƙanta yaro a gaban jama'a.
3. Lalata da fyaɗe, ko ga ƴa mace ko ga ɗa namiji.
4. Sakaci da gangan: barin yaro ba abinci, ba magani, ba kulawa, alhali akwai halin yi masa.

Akwai kuma abin da yaro ke gani da idonsa ko da ba a taɓa shi ba, kamar ya ga ana dukan mahaifiyarsa. Wannan ma yana barin tabo.

Tarbiyya wajibi ce, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai tanƙwarawa daban, karyawa daban. Tarbiyya tana koya wa yaro abin da ya dace ya yi. Cin zarafi kuwa abin da yake koya masa shi ne tsoro.

Yaya girman matsalar yake?

A shekarar 2024 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 400 ƴan ƙasa da shekara 5, wato 6 cikin kowane 10 a duniya, suna shan duka ko tsawa mai cutarwa a gidajensu a kai a kai. A nan Nijar, binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2012 ya nuna cewa kimanin yara 8 cikin 10 suna fuskantar horo mai tsanani a gida. Binciken ya kuma nuna cewa kashi 76 cikin 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15.

Jihar Diffa tana da nata ƙarin nauyi. Tun daga harin da Boko Haram ta kai Bosso da garin Diffa ranar 6 ga Fabrairu 2015, da kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi a watan Mayu na shekarar, da harin Bosso na Yuni 2016, mutane fiye da 200,000 suka rasa matsuguninsu ko suka shigo gudun hijira. Wasu suka zauna a sansanin Sayam Forage, wasu suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya ta ɗaya. An rufe makarantu fiye da 100 a 2015. A 2019 kuma Komadugu ta yi ambaliya ta sake tayar da dubban iyalai. Yara da yawa sun ga kisa, sun rabu da iyayensu, ko sun tashi a hannun riƙo. Haka nan idan magidanci ya rasa gonarsa da sana'arsa, uwa ta rasa abin ɗorawa a murhu, haƙuri yakan ragu a gida, kuma sau da yawa a kan yaro ake hucewa. Wanda yake da shekara 10 a 2015 yanzu ya zama saurayi ko magidanci, ko matar aure mai goyo. Saboda haka wannan magana ta shafi gidajenmu kai tsaye.

Yadda ƙwaƙwalwar yaro take ginuwa

Ana haihuwar jariri da ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba. A shekarun farko, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna ƙulla sababbin hanyoyi a tsakaninsu fiye da miliyan 1 a kowane sakan. Kafin yaro ya wuce shekara 6, girman ƙwaƙwalwarsa ya kai kimanin kashi 90 cikin 100 na ta babba. Waɗannan hanyoyi kamar turbar daji suke. Wadda ake bi kullum takan faɗaɗa, wadda aka daina bi ciyawa takan rufe ta. Yaron da ake yi wa magana da wasa da tatsuniya yana ƙarfafa turbar harshe da tunani. Yaron da kullum yake jiran saukar hannu yana ƙarfafa turbar tsoro.

Sassa uku na ƙwaƙwalwa sun fi shafar wannan magana:

Mai gadi. Wani ɗan ƙaramin sashe ne can ciki, likitoci suna kiransa amigdala. Aikinsa hango haɗari da yin kururuwa.

Rumbun ajiya. Ana kiransa hifokamfas. Shi ke karɓar sabon abin da mutum ya koya ya shirya shi domin a tuna.

Mai shawara. Shi ne sashen da ke bayan goshi. Da shi mutum ke mai da hankali, ya tsara aiki, ya danne fushi, ya auna abu kafin ya aikata. Wannan sashe ba ya gama nuna sai mutum ya kai shekara 25 ko kusa da haka.

Abin da tsoro yake yi wa ƙwaƙwalwa

Idan mai gadi ya hango haɗari, jiki yakan saki wasu sinadarai daga wasu ƴan halittu da ke saman ƙoda. Ɗaya daga cikinsu shi ne kotisol. Nan take zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Wannan baiwa ce daga Allah, domin da ita mutum ke tsere wa maciji ko gobara. Idan haɗari ya wuce, jiki yakan koma daidai.

Manomin tattasai ya san cewa ruwan da ya buɗe wa fangali dole ne ya rufe shi in ƙasa ta sha. In ya bar injin yana zuba dare da rana, saiwa za ta ruɓe. Haka kotisol yake. Yaron da ke zaune da wanda yake tsoro ba ya samun lokacin da ruwan zai janye. Hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka na manya waɗanda aka ci zarafinsu suna yara sun nuna cewa, a jimlace, mai gadinsu ya fi saurin firgita, rumbun ajiyarsu kuma yakan ɗan fi na sauran mutane ƙanƙanta. Hausawa sun riga sun faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wannan ne ke faruwa ga ɗalibin da ya tsaya gaban allo. Mai gadinsa ya tuna da bulalar da, ya yi kururuwa, mai shawara ya yi shiru, rumbu ya rufe. Ilimin yana nan a ciki, tsoro ne ya tare ƙofa.

Akwai kuma illar da duka ke yi kai tsaye. Girgiza jariri da ƙarfi yana iya sa jini ya zuba a cikin kansa, ya makance, ya naƙasa ko ya mutu. Bugu a ka yana iya raunata ƙwaƙwalwa. Mari a kunne yana iya fasa dodon kunne, yaro ya tashi ba ya ji sosai, a riƙa ce masa daƙiƙi alhali maganar ce ba ta isa gare shi.

Abin da bincike ya gano a jikin manya

Daga 1995 zuwa 1997, likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya fiye da 17,000 a birnin San Diego game da wahalhalun ƙuruciyarsu, suka kwatanta amsoshin da lafiyarsu. An fara buga sakamakon a 1998. Kusan biyu cikin uku sun fuskanci aƙalla wahala iri ɗaya, kimanin ɗaya cikin takwas kuma sun fuskanci iri huɗu ko fiye. Waɗannan na ƙarshe sun ninka waɗanda ba su sha wahala ba sau huɗu wajen ciwon damuwa mai tsanani, sun kuma ninka su sau biyu wajen ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Wata masaniya, Cathy Widom, ta bi diddigin ɗaruruwan yara a Amurka waɗanda kotu ta tabbatar an ci zarafinsu ko an yi sakaci da su tsakanin 1967 da 1971. Da suka kai kimanin shekara 41 aka gwada su, aka ga sun fi takwarorinsu shan wuya wajen sauya hankali daga wani aiki zuwa wani da warware matsala.

A ƙasar Japan kuma an bi tsofaffi fiye da 17,000 har shekara uku. Waɗannan mutane sun yi ƙuruciyarsu ne a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna cewa waɗanda suka sha wahala iri uku ko fiye suna yara sun fi saura kamuwa da cutar mantuwa, wadda muke kira gigin tsufa.

Ta yaya abin da ya faru a shekara 7 zai taɓa mutum a shekara 70? Yakan biyo ta hanyoyi da dama. Yaron da ya firgita yakan bar makaranta da wuri. In ya girma yakan yi fama da damuwa da rashin barci. Wasu sukan nemi sauƙi a taba ko giya ko ƙwaya irin su tiramol. Jikin da ya daɗe cikin fargaba kuma ya fi saurin kamuwa da hawan jini da ciwon sukari, waɗanda ke lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa.

Wajibi ne a fahimci abu biyu a nan. Na farko, waɗannan alƙaluma suna magana ne a kan jama'a da yawa, ba hukunci ba ne a kan mutum ɗaya. Mutane da yawa sun sha azaba suna yara, sun girma da kaifin hankali. Na biyu, cin zarafi ba ya zuwa shi kaɗai. Wani bincike da aka buga a 2017 a kan yaran da aka bi tun suna ƙanana a Niyu Zilan da Ingila ya nuna cewa talaucin gida da raunin da yaro ke da shi tun farko suna da babban kaso a cikin wannan giɓi. A ƙasarmu sai a ƙara da tamowa, da ƙarancin jini, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Don haka kare yaro ya haɗa da ciyar da shi, da kai shi asibiti, da sa shi makaranta.

Shin ƙwaƙwalwa tana farfaɗowa?

Tana farfaɗowa. A shekarar 2000 masana suka fara wani aiki a birnin Bukares na ƙasar Romaniya da yara 136 da ke gidajen marayu inda ba su samun kulawa. Aka mai da rabinsu hannun iyalai masu riƙo na gari. Bayan ƴan shekaru, waɗanda aka mayar gidaje sun fi waɗanda suka rage basira da iya magana, musamman waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara 2. Dashen da aka yi da wuri ya fi kamawa.

Babba ma ƙofa ba ta rufe masa ba. A 2009 aka buga wani bincike da aka yi a ƙasar Kwalambiya a kan tsofaffin ƴan tawaye da suka ajiye makamai suka koyi karatu bayan sun girma. Hotunan ƙwaƙwalwarsu sun nuna cewa sassan da ke aikin gani da harshe sun fi na ƴan uwansu da ba su koya ba ƙarfi. A 2010 wani masani na Faransa, Stanislas Dehaene, ya gano irin wannan sauyi ga mutanen Barazil da Fotugal da suka koyi karatu da girma. A 2019 kuma wani bincike a birnin Niyu Yok, a kan tsofaffi kusan 1,000 da ba su yi makaranta fiye da shekara 4 ba, ya nuna cewa waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba sun ninka waɗanda suka iya sau biyu wajen kamuwa da cutar mantuwa. Ashe da gaskiyar masu cewa gemu ba ya hana ilimi. Zuwanku aji ma wani nau'i ne na kiwon lafiya.

A 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 waɗanda, in aka magance su, za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa a duniya. Daga cikinsu akwai ƙarancin ilimi, raunin ji, raunin gani, hawan jini, ciwon sukari, ciwon damuwa, shan taba, bugu a ka, rashin motsa jiki, da zaman kaɗaici. Yawancinsu abubuwa ne da mutum ke da abin yi a kansu.

Shawara ga ɗalibi babba

1. Ka sani cewa abin da aka yi maka kana yaro ba laifinka ba ne. Ke ma, ƴar uwa, ba laifinki ba ne.
2. In gabanka ya faɗi a aji, ka dakata, ka ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali sau biyar, sannan ka amsa.
3. Ka yi bitar karatu kaɗan kaɗan kowace rana. Minti 15 kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a mako. Sannu ba ta hana zuwa.
4. Ka ba barci haƙƙinsa, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana.
5. Ka je a auna maka jini ko da ba ka jin ciwo, domin hawan jini ba ya sallama. In an ba ka magani kada ka yanke shi da kanka.
6. In ba ka ji sosai ko ba ka ganin allo, ka faɗa wa malami ya matso da kai gaba, ka kuma je a duba ka.
7. Ka nisanci taba da ƙwaya da giya.
8. Kada ka ware kanka. Jam'i a masallaci, adashe, ƙungiyar manoma ko ta mata, da zumunci, duk suna raya hankali.
9. Ka sami mutum ɗaya mai riƙon amana ka faɗa masa abin da ke ranka.

Shawara ga iyaye da malamai

Abin da ya fi kare yaro daga illar tashin hankali shi ne ya sami aƙalla babba ɗaya mai ƙaunarsa wanda ba ya juya masa baya. Yana iya zama uwa ko uba, kaka, gwaggo, kawu, malamin tsangaya ko na boko. Ɗa na kowa ne.

1. In ranka ya ɓaci, ka jinkirta horo har ka huce. Hannun mai fushi ba ya da awo.
2. Kada a girgiza jariri ko kaɗan. In kukansa ya ishe ki, ki kwantar da shi a wuri mai aminci, ki kira wata ta karɓe ki.
3. A faɗa wa yaro laifinsa da abin da ya kamata ya yi. A sa shi ya gyara abin da ya ɓata, ko a hana shi wasa na ɗan lokaci. Kada a hore shi da yunwa.
4. A daina kiran yaro daƙiƙi, jaki ko marar amfani. Yakan riƙe sunan har tsufa.
5. A yaba masa in ya yi daidai.
6. Maraya da agola da ɗan riƙo su ci abin da ƴaƴan gida suka ci, su je makarantar da suka je.
7. A kula da inda ƴa mace ke kai talla da lokacin dawowarta, a kuma bar ta ta ci gaba da karatu.
8. In yaro ya ce wani ya taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba, a saurare shi, a gaskata shi, kada a dake shi don ya faɗa.
9. Malamin ajin manya ya guji tsawa da dariya ga wanda ya yi kuskure. Ya bar mai tsoron allo ya fara amsawa daga mazauninsa ko tare da abokinsa.

Addininmu ya riga ya nuna wannan hanya. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, kuma ya shaida cewa bai taɓa kyararsa ba. Nijar ma ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, wadda ta wajabta kare yaro daga kowane irin cin zarafi.

Ina za a nemi taimako?

In mutum yana yawan mummunan mafarki, ko firgita ba dalili, ko baƙin ciki da ya wuce mako biyu, ko mantuwar da ke hana shi sana'arsa, ya je cibiyar lafiya mafi kusa. In akwai buƙata za a tura shi asibitin gunduma ko babban asibitin jiha a Diffa. In tunanin kashe kansa ya zo masa, ya faɗa wa wani a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Waɗannan cututtuka ne masu magani, ba abin kunya ba ne, kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

In an yi wa yaro ko yarinya fyaɗe, a kai shi asibiti nan da nan, kafin awa 72 su cika, domin a cikin wannan lokaci ne maganin rigakafin cutar sida yake aiki. Bayan haka a sanar da ƴan sanda ko jandarma ko ma'aikatan kare yara. Rufa asirin mai laifi yana ba shi damar cutar da wani yaron. In kun ga ana gallaza wa yaro a maƙwabta, ku yi magana da iyayen cikin hikima. In abin bai tsaya ba, ku kai wa mai unguwa ko bulama ko liman, har zuwa ga hukuma.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Mene ne bambancin tarbiyya da cin zarafi? Ku kawo misalai daga unguwarku.
2. Ku faɗi sassa uku na ƙwaƙwalwa da aka ambata da aikin kowanne.
3. Wane babba ne ya tsaya muku kuna yara? Me ya yi muku da har yau ba ku manta ba?
4. Wace hanyar horo za ku gwada a gida a wannan mako wadda ba duka ba zagi?
5. Ku rubuta jimla ɗaya ta yabo da za ku faɗa wa ɗanku ko ƴarku yau da dare.